Jinin da Aka Ɗiba a Ruga, Allurar da Ke Jira a Jega

Kakata ba ta san wani abu wai shi ciwon hanta ba. Abin da ta sani shi ne shawara. In idon yaro ya koma ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja kamar shayin da ya sha wuta, sai ta aika a tono saiwar rawaya a jiƙa masa, a hana shi mai da nama, a zuba wa sarautar Allah ido. Mafi yawan lokuta yaron yakan tashi, rawaya ta sha yabo.

Akwai kuma wata cutar da ba wanda ke haɗa ta da shawara ko kusa. Magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda ke cicciɓar buhun albasa shi kaɗai, sai a ga yana ramewa ta sama yana kumbura ta ƙasa. Ciki ya zama tulu, ƙafafu sun haye, abinci ya fita ransa. Wannan kam sunanta sammu, ko jifa. Tsakanin Jega da Aliero da Maiyama da wuya ka sami gidan da bai taɓa jin labarin irin wannan jinya ta wata uku ko huɗu ba, wadda in ta ɗauki mai ita sai ta bar zargi tsakanin 'yan uba ko abokan kasuwa.

Sai da masana suka kwashe shekaru masu yawa kafin su nuna cewa wannan mutuwa ta magidanci ana shuka ta ne tun yana goye a bayan uwarsa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wani yanki mai tsoka na wannan aiki a ƙasarmu aka yi shi, kuma da jinin mutanenmu.

A shekarar 1957 wani matashin likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, wanda ke karatu a Jami'ar Oxford ta Ingila, ya zo Najeriya tare da abokin aikinsa Anthony Allison. Ba ciwon hanta ya kawo su ba. So suke su gano yadda jinin wata al'umma ya bambanta da na wata ta hanyar gado, da dalilin da ke sa cuta ɗaya ta kayar da wani ta bar wani. Suka bi ƙauyuka da rugage suna ɗibar jini, har da na Fulani makiyaya da na shanunsu. Wannan ce tafiyarsa ta farko irin wannan. Daga ita ya kamu da son tara jinin mutanen duniya a cikin firji, daga tsibirai zuwa ƙasashen ƙanƙara.

Cikin wannan tarin jini ne, a farkon shekarun 1960, shi da wani matashi mai suna Harvey Alter suka ci karo da wani baƙon sinadari a jinin wani ɗan asalin ƙasar Ostareliya. Suka raɗa masa sunan ƙasar, suka buga labarinsa a 1965, ba tare da sun san ko mene ne ba. Har sun ɗauka yana da alaƙa da sankarar jini. Sai da wata ma'aikaciyar ɗakin gwajinsu ta kwanta da shawara, aka gwada jininta aka ga sinadarin nan ya bayyana alhali da babu shi, sannan hankali ya ƙara karkata kan hanta. Zuwa 1967 an gane yana da alaƙa da ciwon hanta, daga baya kuma aka tabbatar cewa ɓawon ƙwayar cutar da yanzu ake kira ciwon hanta nau'in B ne. A 1970 David Dane ya ga ƙwayar kanta ta madubin ƙara girma a Landan. A 1976 aka ba Blumberg kyautar Nobel, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce yau ranar ciwon hanta ta duniya.

Ni na ga jikan wannan bincike da idona. 'Yan shekarun baya na raka wani ƙanena, ɗan kawuna, wani asibiti, matarsa ta haihu jini ya ɓalle mata, aka ce a kawo mai bayarwa. Aka soki yatsarsa, aka ɗiga jinin a kan wani ɗan tsinken roba da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Muna tsaye layi biyu suka fito. Ma'aikacin ya ɗago kai ya ce, "Malam, naka ba zai yiwu ba, sai dai a nemo wani." Da muka fito baranda ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, ni fa lafiyata ƙalau. Jiya ma ni na loda mota." Gaskiya ya faɗa. Bai taɓa yin shawara ba a iya saninsa. Abin da tsinken nan ya kama a jininsa shi ne dai sinadarin da Blumberg ya tsinta bai san sunansa ba.

Amma gano ƙwayar cuta daban, gano yadda take tafiya a cikin al'umma daban. Turawa sun san ta a matsayin cutar manya: wanda aka ƙara wa jini, mai allurar maye, mai yawace-yawace. In da a kan wannan fahimta aka tsaya, da an ɗora wa ƙanena laifin da bai aikata ba, kamar yadda har yau wasu ke yi in sun ji sakamakon gwajin aure. A nan ne Zariya ta shigo.

An buɗe makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1967, kuma cikin shekarun 1970 sashen cututtukan ciki na asibitinta ya tara mutanen da daga baya duniya ta san da su. Eldryd Parry ne shugaban sashen. Akwai Brian Greenwood, wanda ya yi shekara goma a Zariya yana fama da sanƙarau. Akwai Hilton Whittle, mai binciken ƙyanda. Akwai George Edington, masanin binciken tsokar jiki. A cikinsu kuma akwai likita ɗan ƙasa, Y. M. Fakunle, wanda ya mayar da hankalinsa kan hanta. Majinyatan da ke cika gadajensu irin namu ne, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, masu zuwa da ciki a kumbure bayan an gama zagayen masu magani.

A 1977 Fakunle da Greenwood da Edington da wani abokin aikinsu suka buga bincike a kan sankarar hanta a arewacin Najeriya, a wata tsohuwar mujallar cututtukan ƙasashe masu zafi da ake bugawa a Landan. Suka nuna cewa cutar ba baƙuwa ba ce a nan, kuma sinadarin nan na Blumberg yana yawan bayyana a jinin masu ita fiye da na sauran mutane. A 1981 Fakunle da M. B. Abdurrahman, likitan yara, da Whittle suka sake buga wani, wannan karon a kan yara da manyan da ba su kwanta ba. Abin da ya fito shi ne, a arewa ƙwayar ba ta jira mutum ya balaga. Tun yana ƙarami take shigarsa.

A ganina wannan takarda ta 1981, wadda su da kansu suka kira binciken share fage, ta fi tarin littattafai amfani gare mu, domin ita ce ta juya tambayar. Maimakon a tambayi magidanci ina ya je, sai a tambayi abin da ya same shi kafin ya yi wayo. Kuma lissafin da aka tabbatar daga baya ya nuna dalilin da shekaru ke da muhimmanci haka. Babba in ya kamu, jikinsa yakan kori ƙwayar. Bai kai 5 cikin 100 ba ne take zauna musu. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 5, kusan 3 cikin 10. Jaririn da ya ɗauka a wurin haihuwa kuwa, 9 cikin 10 sun ɗauke ta ke nan har ƙarshen rayuwa. Ba zazzaɓi, ba rawayar ido, ba komai. Tana nan tana cin hanta a hankali kamar gara a cikin azara, shekara ashirin, talatin, sai ranar da rufi ya rufto.

Wannan ya kuma warware ruɗanin kakata. Shawarar da rawaya ke "warkarwa" galibi wata aba ce daban: zazzaɓin cizon sauro, ko amosanin jini, ko nau'in A da ake sha a gurɓataccen ruwa wanda yakan wuce da kansa. Wadda ke kisa a ɓoye ba ta cika nuna ido ba sai ta gama ɓarna.

A 1980 Greenwood ya koma Gambiya ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya da ke can, Whittle ma ya bi. Tambayar da suka taso da ita daga Zariya a can suka ƙarasa amsa ta. A ƙauyuka biyu, Keneba da Manduar, Whittle da abokansa suka bi yara gida-gida, suka buga sakamakon a 1983. Suka gano cewa a Afirka ta Yamma yawancin yara ba a ranar haihuwa suke kamuwa ba kamar yadda ake gani a gabashin Asiya, a'a, a tsakar gida ne, daga yaro zuwa yaro, cikin shekarun farko. Duk wanda ya tashi a babban gida ya san hanyoyin ba sai an lissafa masa ba: ƙurji da gyambon da ba a rufe ba, reza ɗaya da ake yanke wa yara biyar farce, askar da ta sauka daga kan wannan ta hau na wancan. Ƙwayar tana iya yin mako guda a busasshen jini tana nan da ranta.

Nan ne maganar ke taɓa wanzamai, kuma ba na son a yi musu rashin adalci. Wanzami shi ne likitan fiɗar garinmu ƙarni da ƙarni: aski ranar suna, cire beli, kaciya, ƙaho, tsaga. Ba mugunta ba ce ta sa yake goge aska a tsumma ya ci gaba, ba wanda ya taɓa nuna masa cewa akwai abin da ido ba ya gani a bakinta. Da yawansu yanzu sabuwar reza suke ɓarewa a gaban mai gida, kuma wannan canji, wanda tsoron ƙanjamau ya fi kawowa, ya tare ciwon hanta fiye da yadda aka lura. Saura ƙaho, wanda har yau a wurare da yawa ɗaya ne ke zagaya bayan mutum goma.

A daidai wannan lokaci, can tsibirin Taiwan, Palmer Beasley ya bi ma'aikatan gwamnati maza 22,707 na tsawon shekaru, ya buga a 1981 cewa mai ɗauke da ƙwayar ya fi wanda ba ya da ita haɗarin sankarar hanta sau sama da 200. A shekarar ce kuma aka amince da allurar rigakafi ta farko a Amurka, a 1986 aka fito da wadda ake haɗawa ba tare da jinin mutum ba, irin da ake yi wa 'ya'yanmu yanzu. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984. A shekarar Whittle ya fara a Keneba da Manduar, sannan a 1986 gwamnatin Gambiya da hukumar binciken sankara ta duniya suka ƙaddamar da gagarumin shiri da ya shafi yara kusan 125,000, aka shigar da allurar yanki bayan yanki har ta game ƙasar a 1990. Yaran da aka yi wa, da aka bi su har girmansu, kaɗan ƙwarai ne ƙwayar ta zauna wa. Ƙaramar ƙasa irin Gambiya ta riga kowa a nahiyar, da ilimin da aka fara haƙowa a Zariya.

Mu kuwa fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1992 cewa kowace ƙasa ta sa allurar cikin rigakafin yara. A lokacin jihar Kebbi shekararta ɗaya da kafuwa. Najeriya ta rubuta amincewa a takarda a 1995, amma allurar ba ta isa ɗakunan shan magani ba sai 2004. Ka lissafa: shekara 23 tsakanin takardar Fakunle da ranar da allura ta taɓa cinyar jariri a nan. Duk wanda aka haifa a wannan tsakani ya wuce ba kariya, kuma su ne magidanta da matan aure na yau, ciki har da ƙanena. Ga kuma rashin sa'ar lokaci. Allurar ta iso ne daidai da rikicin rigakafin shan-inna, lokacin da Kano ta dakatar da shi daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, tabon gwajin maganin Pfizer na 1996 kuma bai warke ba. Uwar da ke ɓoye ɗanta a ɗaka in ta ji sallamar masu ɗigo ba za ta tsaya bambance wannan da waccan ba. A 2012 aka haɗa ta da wasu huɗu a allura ɗaya da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14, aka bar ta ranar haihuwa ita kaɗai.

Akwai wani ɓangaren labarin da ya shafi rumbu, ba asibiti ba. A 1960 talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil. Da aka bincika sai aka sami guba da wata fumfuna ke fitarwa a jikin gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, aka sa mata suna afulatoksin. Ita kaɗai tana jawo sankarar hanta, in kuma ta tarar da nau'in B a jiki sai haɗarin ya ninka sau da yawa. Manomin Maiyama da ya tsince gyaɗa mai kyau ya kai kasuwar Jega, ya bar ta ƙwari da mai ɗaci a gida a yi ƙuli-ƙuli da miyar yara, bai san cinikin da ya yi ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don rage wannan guba, amma shanya a kan tabarma maimakon ƙasa da zubar da ruɓaɓɓiya ba sa buƙatar ko kwabo.

Nau'in C ba zan daɗe a kansa ba. An gano shi a 1989, Alter ɗin nan na cikin mutum uku da aka ba Nobel a kansa a 2020. Ba shi da rigakafi, amma tun daga 2013 akwai ƙwayoyin da ke warkar da shi cikin kusan wata uku. Masar, wadda a da ta fi kowa fama da shi, ta gwada mutum miliyoyi daga 2018 ta yi musu magani, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a 2023. Shi nau'in B ba a kai ga maganin da ke tumɓuke shi ba, sai dai irin su tenofobir, ƙwaya ɗaya a rana, da ke danne shi ya kare hanta. Duk mai lasifika a bakin tasha da ya ce maka jarkarsa na wanke shi tas cikin sati biyu, kuɗinka yake so, wataƙila da sauran hantarka.

Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Wato a sahun sallah na mutum goma sha biyu, akwai yiwuwar ɗaya yana da shi, kuma mafi yawansu ba su sani ba. A 2024 Kano ta yi dokar gwaji kafin aure da ta haɗa da ciwon hanta. Abin a yaba ne, muddin za a riƙa gaya wa iyaye cewa wannan ba dalilin fasa aure ba ne, tunda ana iya yi wa ɗayan rigakafi.

A jami'o'i ana auna tasirin mai bincike da yawan waɗanda suka ambaci takardunsa. Ni ma'aunina daban ne, kuma da shi nake ganin aikin su Fakunle bai gama isowa gida ba. Jega gari ne da ya saba karɓar abin da ya biyo doguwar hanya. Tun ƙarni na 19 fatake suka riƙa sauke goron Gwanja a bakin gulbinta. Yau akwai kwalejin kimiyyar lafiya a cikinta, akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, garin da masu ɗorinsa suka yi suna har ana kawo musu karaya daga nesa. Hannu da kai ba su yi ƙaranci ba. Sai dai yawancin binciken da ake yi a arewa har yanzu ƙidaya ce: a gwada masu ciki ko ɗalibai, a ce kashi kaza, a ajiye a kanta. Mun riga mun san akwai shi. Tambayar da ta rage ta fi wuya, kuma ba baƙo ne zai amsa mana ita ba. Binciken lafiyar iyali na 2018 ya nuna cewa a jihar Kebbi haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai 1 cikin 10 ba. Allurar farko kuwa cikin awa 24 ake son ta, domin ita ce ke tare abin da uwa ke miƙa wa ɗanta a wurin haihuwa. Ta yaya za ta isa ɗakin da mai jego ke kwance a Andarai ko Sambawa, inda al'ada ta ce jariri ba ya fita sai bayan suna? Wa zai riƙa sanar da ma'aikacin lafiya, ungozoma ko mai unguwa ko liman? Ɗalibin da ya warware wannan ya gaji Fakunle da Whittle, ko da ba a taɓa ambatar sunansa a Landan ba.

Shi ƙanen nawa, daga baya mun sa an gwada 'yan ɗakinsu. Cikin su biyar uku na ɗauke da shi, har da Inna, mahaifiyarsu, wadda ta yi shiru ta ce, "Ashe ni na ba ku." Muka ce mata ita ma ba ta san ranar da aka ba ta ba. Yanzu yana zuwa babban asibiti a duba hantarsa lokaci-lokaci, yana nan yana lodin albasarsa. Matarsa ba ta da shi, an yi mata allura uku. 'Yar da aka haifa ranar nan kuwa, saboda jinin da ya ɓalle ya sa aka kwana a asibiti, an yi mata ta farko kafin gari ya waye.

Mai karatu, in an yi maka haihuwa a gida, kada ka jira wanzami ya riga ma'aikacin lafiya. Mai jego ta zauna, kaka ko gwaggo ta naɗe jaririn a zane a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, a ce an zo allurar hanta. Kyauta ce. In an makara, har mako biyu ana yi, amma ta ranar farko ta fi. Kai ma da ka raka su, miƙa yatsarka a gwada.